Hula Ɗaya a Cikin Kabad

Ranar Talata ce, bayan azahar. Ina ofis ina buga wata takarda da shugabanmu yake jira, sai wayata ta yi ƙara. Gwaggo Laraba ce, maƙwabciyarmu a unguwar New Bell ta Douala, aminiyar surukata Inna tun suna 'yan mata. Ba ta taɓa kirana a wurin aiki ba, don haka tun kafin in ɗaga na san ba lafiya ba.

"Allô, Hadiza? Bar abin da kike yi ki taho lopital. Inna ce."

"Me ya same ta, Gwaggo? Da safe na bar ta tana shan kununta lafiya lau."

"A Ndokoti abin ya faru, a cikin taksi. Ki yi haƙuri, 'yata. Ashiya, sannu. Inna ta riga mu."

Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, na sake faɗa, bakina yana faɗa amma zuciyata ba ta karɓa ba tukuna. Da na isa asibiti na tarar da direban taksin tsaye a bakin ƙofa, ya kasa tafiya. Ya ce a PK 14 ya ɗauke ta, wata unguwa can wajen gari. Ta zauna gefen taga, ta yi masa faɗa ya rage ƙarar rediyo, da suka shiga cunkoson Ndokoti kuma ta jingina kanta da gilashi. Duk fasinjojin sun ɗauka barci take yi. Wata ma'aikaciyar jinya ta miƙo mini abin da aka samu tare da ita: carbinta, da wata babbar jakar leda a ninke babu komai a ciki, da ɗan makulli ɗaure a gefen mayafinta.

Jakar na san ta. Da ita Inna take kai kayan waɗanda suka rasu PK 14 don a raba sadaka, ta dawo da ita a ninke. Sai dai a makonnin nan babu gidan rasuwar da aka kira ta, kuma a ranar ban tsaya tunanin kayan wa ta kai ba. Makullin ma na san shi. Na kabad ɗin mijina ne, ɗanta na fari, wanda ya bar gida shekara goma da ɗoriya, kuma har ranar nan babu wanda ya iya ce mana yana raye ko ya mutu.

Sunanta Hajiya Asabe, amma duk unguwa Inna Mai Jere ake kiranta. Kakanninta daga wajen Zariya suka zo da fatauci, ita kuwa a nan aka haife ta, a nan ta tsufa, a nan aka binne ta. Sana'arta shirya ɗakunan mutane. In za a kawo amarya, ita ake kira ta yi jere. In mace ta rasa inda za ta taka ƙafa a ɗakinta saboda tarkace, ita ake kira. In kuma an yi rasuwa, kwanakin zaman makoki sun wuce, aka rasa mai ƙarfin halin buɗe akwatin mamaci, nan ma ita ake aikawa. Ba mace ce mai laushin baki ba. Ban taɓa jin ta yaba ɗakin kowa ba, iyakar yabonta shi ne ta duba sama, ta duba ƙasa, ta ce, "To, ba laifi."

In ta shiga ɗaki ba kayan take fara dubawa ba, bango take dubawa. Wanda ya zauna a New Bell ya san abin da take nema, wato layin nan mai duhu da ruwan damina yake bari in ya shigo gida ya janye. Sai ta tsaya jikin layin ta auna shi da ƙafarta. Takan ce, "Ruwan Douala ba ya sallama. Duk abin da kika ajiye ƙasa da gwiwa, kin ba kwata." Saboda haka gado a kan bulo, kabad a kan bulo, buhun shinkafa a kan benci. Ba ta yarda a manna kabad da bango, sai an bar faɗin tafin hannu a tsakani don iska ta wuce, a ciki kuma ta sa gawayi a ɗan kwano ya sha danshi, da kafur saboda kyankyaso.

Na tuna wata amarya da aka kawo daga arewa, danginta sun biyo ta da akwatuna shaƙe da atamfa da leshi. Suka tura su ƙarƙashin gado kamar yadda suka saba a garinsu, suka rurrufe da leda ruf. Inna ta shigo ta gani.

"Wa ya sa waɗannan a nan?"

Wata gwaggon amarya, mai jin kanta, ta ce, "Hajiya, mu haka muke yi tun kaka da kakanni."

"Kakanninku a kan yashi suka kwana, ita wannan a kan ruwa za ta kwana. Ku ja su waje. Kuma ku cire ledar nan, zani ma numfashi yake yi."

Suka ƙi, suka ce ba a koya musu jere. Inna ta ɗauki mayafinta ta fita, ko sallama ba ta yi ba. Da damina ta yi nisa amaryar ta zo gidanmu tana kuka, leshinta duk sun yi fumfuna, baƙi-baƙi har cikin ninki. Na zaci Inna za ta yi mata gori, don bakinta bai saba raga wa kowa ba. Sai ta ce kawai, "Share hawayenki, mu je mu ga wanda zai fitu." Kwana biyu ta yi a gidan tana wanki da shanya tare da yarinyar.

Ni ma a jerena na fara saninta sosai. Uwar miji ba ta shiga ɗakin amaryar ɗanta, balle ɗan fari, amma Inna ta jira har kowa ya watse, ta leƙo, ta sa aka ƙara bulo ɗaya a ƙarƙashin kowace ƙafar gadona, ta fita ba ta kalle ni ba. Ni 'yar boko ce, makarantar Faransanci na yi, hannuna ya fi sabawa da takarda. Madam take kirana in tana son tsokana. "Madam, wannan ninkin zani ne ko kuwa faɗa kuka yi da shi?" Duk da haka ni ta zaɓa in riƙa raka ta ranakun Asabar, kuma abin da na sani na wannan aiki a wurinta na koya.

Aikin ɗakin mamaci shi ne wanda ta fi yi da natsuwa. Ba ta zuwa sai iyalin sun aiko da kansu. In ta zo takan yi alwala, ta zauna da matar ko 'ya'yan, ba ta taɓa komai sai sun ce bismillah. Kowace riga sai ta laluba aljihunta, abin da ta samu ta miƙa wa mai gidan ba tare da ta duba ba. Magada su ɗauki abin da za su ɗauka. Abin da suka yarda a yi sadaka da shi ta wanke, ta goge, ta ninke. Daga nan ta share kabad ɗin ciki da waje, ta sa sabon gawayi, sannan ta zaɓi abu guda ɗaya na mamacin, hula ko carbi ko tabarau, ta ajiye shi a tsakiyar katakon sama, ta rufe. Na taɓa tambayarta dalili. Ta ce, "In kika kwashe tas, sai su ji kamar kin kore shi. In kika bar da yawa, ba za su warke ba. Ɗaya ya isa."

Kayan sadakar kuma ba ta yarda a raba su a unguwa. Ta ce tun tana da ƙuruciya ta ga wata mata mai takaba ta yanke jiki ta faɗi a bakin famfo, saboda ta hango rigar mijinta daga baya a jikin wani mai tura amalanke, har ta kira shi. Daga ranar ta yanke wa kanta doka. "Rigar mamaci kada ta yi yawo a unguwarsu," in ji ta. Sai ta cika jakarta ta hau mota zuwa Yassa ko PK 14, inda baƙi daga arewa suke sauka da abin da ke jikinsu kaɗai. Mutanen da ta yi wa wannan hidima a New Bell ba su ƙirguwa, da yawansu sun zo gaisuwa suna ba da labari. Ina zaune ina jinsu, ina tunanin kabad ɗin da ke ɗakina.

Mijina, Baban Safiya, ya tafi 'yarmu tana rarrafe. Ya ce zai bi jirgin ruwa zuwa Libreville da kayan sayarwa, wata biyu ya dawo. Ya kira ni daga bakin teku ya ce sun kusa tashi, muryarsa ta ƙarshe da na ji ke nan. Bayan haka aka yi ta kawo labari iri-iri. Wasu sun ce wani jirgi ya kife a kwanakin, amma babu wanda ya tabbatar yana ciki. Wani ya ce ya ga mai kama da shi a kasuwa can Gabon. Wani ya ce yana kurkuku. 'Yan'uwansa sun je sun nema har suka gaji. Babu gawa, babu wasiyya, babu kabarin da za a je a yi addu'a. Na zauna a gidansu, ni ba matar aure ba, ni ba bazawara ba.

Wanda bai tashi a cikinmu ba zai yi mamakin yadda mata biyu za su zauna gida ɗaya, su ci a kwano ɗaya, su shekara goma ba su yi maganar mutumin da ya haɗa su ba. Amma shi ɗan farinta ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa nuna damuwa da shi a gaban mutane ba, haka aka tarbiyyantar da ita. In dole ta ambace shi sai ta ce "yaron nan". Ni kuma mijina ne, ban isa in kama sunansa a gabanta ba, balle in buɗe baki in ce wa uwa ɗanta ya mutu. Kunya ta rufe bakinta, kunya ta rufe nawa. Abin da ya rage a tsakaninmu shi ne kabad ɗinsa, babba, na katako mai nauyi, ya cinye kusan rabin ɗakina.

A shekarar farko ni nake fito da kayansa in shanya in rana ta fito, kuma duk ranar da na yi haka sai na wuni ina kuka. Wata Asabar Inna ta shigo, ta zare makullin daga jikin ƙofar kabad ɗin, ta ɗaure a mayafinta. Ta ce, "Ke ba ki iya shanya ba, kina ɓata musu ninki." Daga nan ita ta karɓi aikin. Duk lokacin da rana ta buɗe sai in ga rigunansa a kan igiya a tsakar gida, tana kaɗe su ɗaya bayan ɗaya, fuskarta a ɗaure kamar tana yi wa wani baƙo aiki. Matar da ta kwashe ɗakunan rabin unguwa, nasa ko hankici bai fita ba. Na fahimci abin da take nufi, ko kuma na ɗauka na fahimta: a wurinta yana raye, zai dawo ya sa kayansa.

Yayana Sani ya sha zuwa ya same ni. "Hadiza, shari'a ta ba ki hanya. Mu je wurin liman a duba lamarin nan. Ça suffit, ya isa haka, ƙuruciyarki tana tafiya." Sai in ce masa, "Yaya, da wane ido zan kalli tsohuwar nan, tana shanya rigunansa ni kuma ina neman a ce ya mutu?" Akwai wani mutumin kirki da ya aiko yana nemana, ya yi haƙuri ya jira har ya gaji, ya auri wata. Ba zan ɓoye ba, akwai ranakun da na tsani kabad ɗin nan. Nakan kwanta ina kallonsa, in ji haushinsa, in ji haushin Inna, in ji haushin wanda ya tafi ya bar mu da katako. Da gari ya waye kuma in durƙusa in gaishe ta, ta ce, "Madam, an tashi lafiya?" a ci gaba.

Sau ɗaya muka kusa yin maganar. Wata damina ce, shekara biyu ko uku da suka wuce, aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya, kwata ta cika ta shigo mana har ɗaki. Muna tsaye cikin ruwa ni da ita muna ɗaga katifar Safiya, wadda ta girma amma har lokacin a ƙasa take kwana saboda babu wurin sa gado na biyu. Gajiya ta sa bakina ya kuɓuce.

"Inna, kabad ɗin nan ya cinye ɗakin nan."

Ta tsaya da katifar a hannu. Ta dube ni, irin kallon da ba ta saba yi mini ba, kai tsaye cikin ido.

"Ya dame ki ne?"

Na ji kamar na zage ta. Na sunkuyar da kai na ce, "A'a, Inna. Bai dame ni ba."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce, "To," muka ɗora katifar a kan tebur.

Bayan wannan daminar ta daina shanya ranar Asabar. In na yi magana sai ta ce ta riga ta shanya a tsakiyar mako ina wurin aiki. Na ɗauka tana rage mini ganin abin da ke sa ni baƙin ciki ne, na gode mata a zuciya. Ina dai ganin tana shiga da kwanon gawayi, tana fita, makulli yana nan a mayafinta.

Da aka yi sadakar bakwai, mata suka fara tambaya a hankali wa zai kwashe ɗakin Inna. Gwaggo Laraba ta ce, "Wa kuwa, in ba wadda ta koya wa ba?" Na yi alwala na shiga. Ban taɓa yin aiki mai sauƙi kamarsa ba, kuma sauƙin nasa ne ya fi ba ni tsoro. Babu tarkace ko kaɗan. Zannuwanta kaɗan ne, a ninke, komai sama da gwiwa. Kwanukan aurenta ta daɗe da rarraba wa 'yan mata. 'Ya'yanta suka ɗauki abin da za su ɗauka, suka ce sauran a yi sadaka. Na wanke, na goge, na zuba a jakarta ta leda. Na bar carbinta a tsakiyar katakon sama.

Sai makullin ya rage a hannuna. Na yi kwanaki ina juya shi. Wata safiya na kira Safiya na ce ta zo ta tsaya kusa da ni, don ba zan iya ni kaɗai ba. Na sa makulli, na buɗe ƙofofin biyu.

Babu komai a ciki. An share shi tas, ciki da waje, ko ƙura babu. Ga sabon gawayi a ɗan kwano a kusurwa, ga ƙamshin kafur. A tsakiyar katakon sama kuwa hularsa ce guda ɗaya, zanna bukar mai ruwan ƙasa, wadda ya sa ranar sunan Safiya.

"Mama, an yi mana sata ne?" in ji Safiya.

"A'a, ba sata ba ce."

Na zauna a ƙasa. Na ga Inna ta bar kabad a haka a gidaje da yawa, na san hannunta, na san kuma wanda take yi wa haka. Ba ta yi wa mai tafiya. Na yi kukan da ban yi ba tun shekarar farko, Safiya ta riƙe ni tana tambaya, sai da yamma na yi mata bayani.

Washegari na ɗauki jakar kayan Inna na nufi PK 14, don dokarta ta hau kanta ita ma. Wurin da take kaiwa gidan wata dattijuwa ce Bafulatana, Dada Fanta, wadda ta san duk mabukatan wajen, ita take rabawa. Ba ta ji labarin rasuwar ba sai a bakina. Ta yi salati, ta rufe fuska da mayafi. Da ta natsu ta dube ni da kyau.

"Ke ce matar yaron?"

Na ce ni ce.

"Allah Sarki. Ta ce mini ke doguwa ce, ba ki iya ninkin zani ba." Ta yi ɗan murmushi ta share ido. "Wajen shekara biyu tana kawo kayansa, kaɗan-kaɗan. Riga ɗaya, wando biyu. Na ce Hajiya, kawo duka a huta mana. Ta ce hannunta ba ya iya ɗaukar fiye da haka."

"Dada, me ta ce miki game da shi?"

"Ta ce ɗanta ne, na fari, ruwa ya ci shi. Ta ce ta daɗe da sani a jikinta. Duk wanda na ba riga, ta ce in faɗa masa sunan mai ita don ya yi addu'a. Da bakinta ta faɗa mini sunan, kowane zuwa sai ta sake faɗa, kamar zan manta."

Na ce, "Mu ba ta taɓa faɗa mana ba."

"Na tambaye ta. Ta ce, matarsa har yanzu jira take. Ta ce, na taɓa tambayarta ko kabad ɗin ya dame ta, ta ce bai dame ta ba. Yarinyar da ta zauna mini shekara goma, da wane baki zan ce mata ta daina jira?" Dada Fanta ta gyara zama. "Ranar Talatar nan ta kawo na ƙarshe. Ta ce yau na gama, in na koma gida zan ba ta makulli ta buɗe da kanta, ta san aikina, za ta gane. Ta sha ruwa a nan inda kike zaune, ta tafi."

Ban san yadda na fito daga gidan ba. Ina tsaye bakin titi ina jiran mota aka kira sallar la'asar, maza suka fara wucewa zuwa wani ɗan masallaci. Cikinsu akwai wani dattijo siriri, yana sanye da shadda ruwan toka wadda ta yi masa yawa a kafaɗa. A bayan rigar, wajen ƙasa, akwai ɗan tabon ƙuna. Ni na ƙona ta da dutsen guga ina amarya, Baban Safiya ya yi ta yi mini dariya ya ƙi a gyara. Na bi rigar da ido har ta shiga masallaci. Ban faɗi ba, amma na gane abin da Inna ta yi ta tsare matan unguwarmu daga gani, na kuma gane irin nauyin da take ɗaukowa duk lokacin da ta biyo wannan hanya ita kaɗai.

Ita da ba ta taɓa fitar da ko tsumma daga gidan mutane ba sai da izinin magada, wannan karon ba ta tambayi kowa ba. Na yafe, Safiya ma ta yafe, mun faɗa a gaban shaidu don kada ya zame mata nauyi. Abin da ke ci mini rai shi ne tafiyar nan daga Ndokoti zuwa New Bell, da ba ta da wani nisa. Da ta iso, da na karɓi makullin daga hannunta, da mun zauna mu biyu a gaban kabad ɗin mun yi kukan nan tare ko sau ɗaya. Allah bai nufa ba.

Yaya Sani ya raka ni wurin liman. Malamai sun zauna, sun ji bayanin 'yan'uwa, sun yanke hukunci. Ina rubuta wannan ne a cikin takaba. An fitar da kabad ɗin, wani kafinta ya zo ya kwance shi, Safiya ta samu gado a wurin, a kan bulo. Hular tana wurinta.

Ya Allah, ga baiwarka Asabe ta zo gare ka. Ta rufa asirin gidaje da yawa, ka rufa nata. Ta sauƙaƙa wa masu makoki abin da suka kasa ɗauka, ka sauƙaƙa mata kwanciyar kabari, ka yalwata shi, ka haskaka shi, ka gafarta mata abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ka ba 'ya'yanta da jikokinta da Gwaggo Laraba haƙurin rashinta. Ka raya Safiya, ka sa ta zama mai yi musu addu'a. Mu da muka rage, ka sa mu cika da imani.

Ya Allah, da ɗanta, mijina, wanda ka san inda yake kwance ko da mu ba mu sani ba. Uwarsa ta je har bayan gari ta faɗi sunansa don baƙi su roƙa masa rahama, mu a gida ba mu taɓa yi ba. Yau na faɗa, duk wanda ya karanta kuma ya taya ni: Allah ka jiƙan Mustafa. Ka haɗa shi da mahaifiyarsa a Aljanna, inda za ta kira shi da sunansa ya amsa. Amin.